Me ya kai rubutun Girkanci kan kaburburan Nubawa?

"Salam Malam. Ni Bahaushe ne amma a Sudan na tashi, kafin wannan yaƙin na taɓa shiga gidan tarihi na Khartoum na ga wasu duwatsu da rubutu a jiki mai kama da na Turawa, wanda yake zagayawa da mu ya ce wai duwatsun kaburburan Nubawa ne na da, kuma wai Girkanci ne. Abin ya ɗaure min kai har yau. Girkawa ne suka zauna a wajen aka binne su, ko mulkin mallaka suka yi wa Nubawan? Kuma me ake rubutawa a jiki?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka abu biyu kake nema, su wane ne a kwance ƙarƙashin duwatsun, sannan me rubutun yake cewa. Ta farkon amsarta gajeriya ce: Nubawa ne, 'yan ƙasa, baƙaƙen fata, kakannin mutanen da har yau suke bakin Nilu daga Aswan zuwa Dongola, kuma ba Girkawa ne suke mulkarsu a lokacin ba. Girkanci harshen addu'arsu ne. Toh amma yadda aka yi ya zama haka shi ne yake buƙatar dogon bayani, sai ka yi haƙuri da ni.

Yadda Girkanci ya shigo

A ƙarni na 6 masarautu uku ne a yankin. Nobadiya a arewa, babban birninta Faras. Makuriya a tsakiya, birninta Tsohuwar Dongola. Sai Alwa a kudu, birninta Soba, wadda kufanta yake nan gefen Khartoum, wataƙila ma ka sha wucewa ta wajen. Duk ukun sun karɓi Kiristanci a cikin wannan ƙarnin. Wani limami mai suna Yuliyanus ya isa Nobadiya wajajen 543, Longinus kuma ya kai Alwa a 580. Yohanna na Afisa, wanda ya rayu a lokacin, ya ba da labarin cewa sarkin Rumawa Justiniyan da matarsa Tiyodora kowa tawagarsa ya tura saboda aƙidarsu ta bambanta, ita kuma ta aika wa gwamnan kudancin Masar cewa ya riƙe mutanen mijinta har nata su riga su isa. Shi mai ba da labarin ɗan ɓangarenta ne, don haka a rage gishiri.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Girkanci ya riga Kiristanci zuwa fadar sarakunan. Tun zamanin da zuriyar Batlamiyus suka mulki Masar Girkanci ne harshen hukuma a can, maƙwabci kuwa dole ya iya harshen da ake rubuta wasiƙa da shi. A bangon wurin bautar Kalabsha akwai rubutun sarki Silko na ƙarni na 5 inda yake kurarin ya ci Bilemiyawa, mutanen hamadar da ke gabas da Nilu, da yaƙi, da Girkanci ya sa aka rubuta, Girkancin ma irin na kasuwa. A garin Ƙasr Ibrim da ke arewacin Nubiya an samu wasiƙar da sarkin Bilemiyawa ya aika wa na Nobadiya, ita ma da Girkanci. Kaga kenan da masu wa'azi suka zo da littattafan ibada ba su tarar da fili fetal ba.

Bayan nan Musulmi suka ci Masar, Abdullahi bn Sa'ad bn Abi Sarh ya kai yaƙi har Dongola a 652 bai ci garin ba, aka ƙulla yarjejeniyar Baƙt wadda ta yi kusan shekara 600 ana aiki da ita. Abin mamakin a nan yake. A Masar ɗin kanta Girkanci ya yi ta ja da baya, Kibɗanci, harshen Kiristocin Masar, da Larabci suka maye gurbinsa, amma Nubawa da hanyarsu zuwa ƙasar Rumawa ta kusa toshewa su suka riƙe shi gam har ƙarni na 14. Ibn Sulaim al-Aswani da Faɗimiyawa masu mulkin Masar suka aika Nubiya a ƙarni na 10 ya ce littattafan mutanen Alwa da harshen Rumawa suke, wato Girkanci, suna fassara su zuwa harshensu. Mu Hausawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba, don dattijon da bai iya ciniki da Larabci a kasuwa ba tsaf zai karanto maka addu'ar jana'iza babu gargada, kuma da haruffan Larabcin muka yi ajami. Su ma haka, sun ɗauki haruffan Kibɗawa waɗanda asalinsu na Girka ne, suka ƙara uku daga rubutun tsohuwar masarautar Meroe, suka riƙa rubuta Nubanci da su tun ƙarshen ƙarni na 8. Sai dai a kan kabari da wuya ka ga an yi addu'ar da Nubanci, nan wurin Girkanci ne ko Kibɗanci.

Abin da yake jikin dutsen

Kabarin Kiristan Nubiya ba shi da tarkace. An daina binne mutum da tukwane da makamai da dabbobi kamar yadda ake yi wa sarakunan Ballana da Ƙustul kafin zuwan addinin. Likkafani ne kawai, a miƙar da gawa kai yana yamma ƙafa na gabas, don ranar tashi ya miƙe yana kallon gabas. A sama a yi ɗan gini na tubali ko a jera duwatsu, sau da yawa da ɗan akurki a wajen kai inda ake kunna fitila, shi kuma allon rubutun a manna shi a gefen yamma. A arewa da dutsen yashi ake yi saboda shi ne a kusa kuma yana da daɗin sassaƙa. Wajen Dongola zaka ga na gasasshen yumɓu da yawa, a rubuta tun yana ɗanye sannan a gasa. Manya kuma a nemo musu farin mabul, wanda galibi ɓallen wani tsohon abu ne aka sake amfani da shi.

Masu sauƙin ciki, irin waɗanda aka kwaso a maƙabartar Ginari kusa da Tafa, layi kaɗan ne: a nan wane mai albarka yake kwance, ya rasu ranar kaza ga watan kaza, Allah ka hutar da shi a ƙirjin Ibrahim da Ishaƙu da Yakubu, amin. Wasu su fara da cewa bisa nufi da umarnin Allah wane ya yi barci. Amma wadda ta fi shahara, wadda in ka ga allo mai layi ashirin ko talatin kusan ko ba ka duba ba ita ce, ita ce doguwar addu'ar da take farawa da "Allah na ruhohi da na dukkan mai tsoka", lafazin da aka ciro daga Littafin Ƙidaya a Attaura. Ga ma'anarta a taƙaice yadda zan iya kawo ta da Hausa: Ya Allah na ruhohi da dukkan mai tsoka, kai da ka rushe mutuwa, ka tattake lahira, ka ba duniya rai, ka hutar da ran bawanka wane a ƙirjin Ibrahim da Ishaƙu da Yakubu, a wuri mai haske, wurin shan iska, inda zafi da baƙin ciki da ajiyar zuciya suka gudu. Duk zunubin da ya yi da baki ko da aiki ko da tunani ka yafe masa, kai ne nagari mai ƙaunar mutane, don babu mutumin da zai rayu bai yi zunubi ba, kai kaɗai ne ba ka da shi, adalcinka na har abada ne, maganarka gaskiya ce, kai ne hutu da tashin bawanka.

Wannan addu'ar har gobe ana karanta ta a jana'izar cocin Otodoks na Girka. Amma ɗora ta a kan dutsen kabari a kai a kai, ɗaruruwan shekaru, wannan al'adar Nubawa ce, a sauran ƙasashen Kirista ba kasafai ake ganin haka ba. Ni a ganina wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Dutsen ba tarihin mamaci yake bayarwa ba, ba ya cewa ya yi jarumta ko ya tara dukiya. Addu'ar da aka yi a bakin kabari ce aka sassaƙa don ta ci gaba da karantuwa. Labarin mutumin kansa layi biyu ko uku ne a ƙasa: sunansa, muƙaminsa in yana da shi, shekarunsa, ranar da ya rasu.

Sunayen kuma su ne suke kashe maganar cewa Girkawa ne. Eh akwai Petros da Georgiyos da Mariyam da Yohannes, sunayen addini. Amma ga irin su Mariyankuda, Mikayilkuda, Yesusinkuda, sunan waliyyi an haɗa shi da ƙarshen Nubanci. Akwai wani limami Istifanos da ya rasu a Dongola a 797 wanda allonsa ya kawo sunansa na biyu na gida. Muƙaman ma haka, wasu na fadar Rumawa ne aka ara, kamar eparkos na Nobadiya, wato wakilin sarki a arewa wanda Larabawa suke kira Sahibul Jabal, wasu kuma na Nubanci ne zalla aka rubuta su da haruffan Girka.

Wasu daga cikin manyan da muka san su ta wannan hanyar: Petros wakilin Nobadiya da ya rasu a 798, allonsa a Dongola aka same shi. Bishop Mariyanos na Faras, 1036, nasa a Ƙasr Ibrim. Sarki Dawuda na Alwa, allon mabul da aka tono a Soba, masana da yawa suna karanta shekararsa 1015. Sai babban bishop Georgiyos na Dongola da ya rasu a 1113 yana da shekara 82 bayan ya yi 50 a kan kujera. Shi wannan nasa ya wuce allo, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da 'yan Poland suka buɗe a 1993 a gidan 'yan zuhudu na Dongola bangonsa duka rubutu ne daga sama har ƙasa, farko da ƙarshen Linjila huɗu da Girkanci, addu'o'i da Kibɗanci, da sunaye da alamomi na tsari. Akwai ma wani sarki Georgiyos na ƙarni na 12 da aka samu allonsa can Wadi Natrun a arewacin Masar, Girkanci da Nubanci a haɗe.

Kurakuran da suke ciki

Nan ne ni na fi jin daɗin aikin. Turawan farko da suka karanta waɗannan duwatsun sun yi ta yatsina fuska wai Girkancin ya lalace, na jahilai ne. Gaskiya ne in ka auna shi da nahawun makaranta zaka yi ta jan biro ja. Amma ka tsaya ka kalli irin kuskuren. A Girkancin wancan zamanin haruffa da tagwayen wasula kusan biyar duk "i" ake furta su, sai ka ga mai sassaƙa ya sa wannan a wurin wancan, kalma ɗaya ma ya rubuta ta iri biyu a allo guda. Wanda yake kwafa daga littafi harafi bayan harafi ba ya yawan yin haka, wanda yake rubuta abin da kunnensa ya saba ji shi yake yi. Wato addu'ar a ka take, ana rera ta a coci.

Sannan sai ka ga allon mace amma an rubuta "bawanka" da siffar namiji, ko a fara da mace a ƙare da namiji. Dalili biyu ne suka haɗu, ita addu'ar da siffar namiji aka haddace ta, sannan Nubanci ba ya raba namiji da mace a nahawunsa sam. Ƙarshen kalmomi ma da Girkanci yake canzawa gwargwadon aikin kalma a jimla, a doguwar addu'ar yawanci suna nan daidai gwargwado, amma da an zo layin ƙasa inda dole marubuci ya ƙirƙiri jimlarsa, suna da shekaru da kwanan wata, sai abin ya fara tangal-tangal, wani lokaci ma ya zame zuwa Nubanci kawai ya ƙarasa. Ni in aka kawo min hoton allo ba na fara karatu daga tsakiya, kalma uku na farko nake dubawa in gane wace addu'a ce, daga nan sai in tsallaka ƙasa, don nan ne sabon abu yake. Ɗalibai kan ɓata awanni suna fama da layin tsakiya da ya goge alhali abin da ke wurin sananne ne. Kuma hoton da aka ɗauka da filashi daga gaba kusan ba shi da amfani, haske ya cike ramin haruffan. Tocila ake sawa daga gefe a kwance, inuwa ta faɗa cikin kowane harafi, sai ka ga har layukan da mai sassaƙa ya ja don kada rubutunsa ya karkace, da yadda haruffa suke manya a sama su yi ta ƙanƙancewa suna matsuwa a ƙasa don wuri ya ƙare masa, wani ma sai ya yanke addu'ar a tsakiya ya sa suna.

Wani abu da zaka iya gani a ƙarshe shi ne haruffa biyu su kaɗai waɗanda ba kalma ba ne. Lamba ce, 99, don kowane harafi yana da adadi kuma in ka tara na kalmar amin 99 ne. Haka 689 yake tsayawa a madadin Mika'ilu, wanda Nubawa suke ji da shi ƙwarai.

Girkanci ko Kibɗanci

Ba duka allunan ne na Girkanci ba fa. A maƙabartar Sakinya da ke arewa an samu sama da 300 kuma mafi yawansu Kibɗanci ne, a gidan 'yan zuhudu na Gazali da ke hamadar Bayuda ma Kibɗanci ya fi yawa. Da can akwai ra'ayin da ya yi ƙarfi cewa harshen yana nuna aƙida, mai Girkanci yana bin cocin sarkin Rumawa, mai Kibɗanci yana bin shugaban cocin Kibɗawa na Iskandariyya. Har an gina labari a kai cewa Faras ta sauya ɓangare wajajen shekara ta 1000, saboda allon bishop Petros da ya rasu a 999 da Kibɗanci yake, na wanda ya biyo shi kuma da Girkanci. Ni ban gamsu da wannan ba, kuma yawancin masu aikin yanzu sun bar shi. Hujja mafi sauƙi tana Faras ɗin kanta: bishop Paulos da ya gina babban cocin a 707 rubutun harsashi biyu ya sa, ɗaya Girkanci ɗaya Kibɗanci, mutum ɗaya shekara ɗaya. Cocin Kibɗawa ma ai bai taɓa zubar da Girkanci daga ibadarsa gaba ɗaya ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne Kibɗanci ya fi ƙarfi a arewa kusa da Masar da kuma wajen 'yan zuhudu masu karatun littattafan Masar, Girkanci kuma shi ne na fada da na babbar ibada, kuma daga ƙarni na 11 zuwa 12 Kibɗanci ya yi ta raguwa shi Girkanci yana nan. Akwai kuma allunan Larabci na Musulmi a arewacin Nubiya tun ƙarni na 9, a zamani ɗaya da waɗannan.

Daga ƙarni na 13 allunan kabari suka yi wuya. Harshen bai mutu nan take ba, don a cocin Banganarti kusa da Dongola masu ziyara sun bar rubutu kusan dubu a bango, da yawa cakuɗen Girkanci da Nubanci. A 1317 aka mayar da ginin fadar Dongola masallaci, sarautar Kirista ta ja ta koma arewa, takarda ta ƙarshe mai ambaton sarki Yowel ta 1484 ce.

Iyakar abin da duwatsun za su faɗa

Kada ka ɗauka kowane Banube yana jin Girkanci. Mafi yawan kaburbura babu allo ko ɗaya, masu shi limamai ne da 'yan zuhudu da masu muƙami da iyalansu, ko da yake mata suna da yawa a ciki. Sannan taswirar inda aka samu allunan ta karkata arewa, saboda nan ne aka yi ta tono cikin gaggawa duk lokacin da za a ɗaga madatsar Aswan, a 1907 da 1929, sai kuma babban aikin shekarun 1960 lokacin da Kazimierz Michałowski da mutanensa suka tono cocin Faras tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwa ya shanye wurin. Alwa kuwa kaɗan ne ƙwarai aka samu daga can. Wasu allunan kuma ta hannun dillalai suka fita zuwa Turai babu wanda ya rubuta daga wane kabari aka ciro su. Ga kuma abin takaici na yanzu, gidan tarihin da ka shiga an wawashe shi a wannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, sa'ar da aka yi ita ce Adam Łajtar ya buga na Girkancin da ke wurin da hotunansu tun 2003, Jacques van der Vliet kuma na Kibɗancin.

In kana da hoton wanda ka gani, layin ƙasa zaka duba don sanin shekararsa. Watannin na Masar ne, Tot, Fawofi, Hatur, Koyak har zuwa Mesore. Shekarar kuma yawanci daga hawan sarki Diyokletiyan ake ƙirgawa, 284, abin da suke kira shekarar shahidai, kuma da haruffa ake rubuta lambar da ɗan layi a samanta. Shekararsu a ƙarshen Agusta take farawa, don haka in rasuwar daga Janairu zuwa Agusta ce sai ka ƙara 284, in daga Satumba zuwa Disamba ce 283. Misali 513 a watan Farmuti, wanda ya faɗo wajen Afrilu, ya ba ka 797. Wasu suna ƙara kwanan wata na sama, wasu ƙalilan har da shekarar Hijira. Matsalar ita ce da yawa, musamman tsofaffin na arewa, ba su da wannan sam, sai lambar zagayen haraji na Rumawa mai shekara 15, a ce shekara ta 7 kawai ba a faɗi na wane zagaye ba, irin waɗannan sai dai a kimanta ƙarninsu daga siffar haruffa da irin addu'ar. Ka turo hoton in akwai, in son samu ne wanda layin ƙasan ya fito sosai.